Ƙayar Kifi, Ranar Laraba

Sha biyu da minti goma
na rufe littafin kamfanin ƙanƙara,
na biyo bakin tashar jirage,
iska na jan rigata kamar mai bin bashi.
Minti arba'in aka ba ni.
Cikina ya riga ƙafata isa.

Labulen ƙofar shuɗi ne, an tsaga shi uku,
sai ka sunkuya kafin ka shiga
ko da kai ne mai kamfanin.
Kujeru tara a jikin kanta,
tebur biyu, ɗaya na rawa
sai an cusa masa takarda a ƙafa.

Tomoe ba ta tambayar me za ka ci.
Allo ke magana, ita da alli kawai ta sani:
abin da teku ya ga dama ya bayar.
Jiya guguwa ta hana jirage fita,
yau sun dawo da ɗan abin da ya samu,
gasasshen kifi mai shuɗin baya,
jatan lande biyu, yanka uku na ɗanye.
Yen ɗari tara, har da ƙarin shinkafa.

Mijinta Isaburo na can bayan hayaƙi,
tawul ɗaure a goshi.
Shekara talatin yana juya kifi kan garwashi,
ban taɓa jin ya ce ya gaji ba.
Ban taɓa jin ya ce komai ba.

Tire ya sauka gabana.
Fatar kifin ta tsage, mai na tsattsafowa,
gishiri ya yi fari a gefen wutsiya.
Na ɗaga murfin romo, tururi ya rufe min tabarau,
na sha a makance.
Ɗanyen yankan sanyi ƙalau,
ɗan koren yajin nan ya hau min hanci
har na ga tsakiyar kaina.

Dama da ni direban bas na ci da hula a gwiwa.
Hagu, yaro mai laktaye,
ido a waya, baki a kwano,
ya tona kifinsa kamar kaza a juji
ya bar rabi, ya tashi.

Ni kuwa a hankali nake bi.
Tsinke biyu, daga bayan kai zuwa wutsiya,
ka buɗe shi kamar wasiƙa,
ka ɗaga ƙashin baya gaba ɗaya,
kada ka juya shi, jirgi ne, zai kife.
Haka babana ya ce, yana riƙe da hannuna,
hannunsa duk tsagar igiya da warin man inji.
Kifi ya ba ka ransa duka,
kada ka mayar masa da rabi.

Tomoe ta zo ɗaukar faranti, ta tsaya.
Ƙaya ce kaɗai a kwance, fes kamar mataji.
Ta ce, wannan hannun Genzo ne.
Na ce ɗansa ne ni.
Ta ce ai na sani tun ranar da ka fara sunkuyowa.
Ina binsa abincin rana uku.

Na kai hannu aljihu.
Ta bugi kanta da tsumma:
bar shi!
In ka biya, da me zan riƙa tuna shi?

Bayan hayaƙi wani abu ya yi ƙara,
ko tari, ko dariya.

Na ajiye ɗari tara daidai, na shanye shayina,
na sunkuya na fita.
Jirage na ta gogar juna a igiya.
Na makara da minti huɗu,
rigata na warin garwashi,
har yamma ina lissafin ƙanƙara
da ɗan gishiri a gefen leɓe,
ban goge ba.